Ranar da Tagar Lakwal Ta Kama Kaina

A gidanmu na Gumel mutum biyu ne ba a karɓar maganarsu sai da shaida: ni da Kaka, mahaifiyar Babanmu. Ni an ce ina ƙara wa zance gishiri. Ban musa ba, amma barbaɗawa kawai nake yi. Kaka kuwa da buhu take juyewa. Ita ce ta ce mana a zamaninsu kankana ɗaya sai an tara maƙwabta kafin a mirgino ta gida, kuma wai ta taɓa korar kura da ludayin miya.

Cikin labaranta akwai guda ɗaya da ba ta son a yi wa dariya. Ta ce ta yi makarantar boko a garinsu na haihuwa, can gaba da Ɗanzomo, tun kafin rijiyar garin ta ƙafe mutane su watse. To Kaka ko sunan wanda ya kira ta a waya ba ta iya karantawa, sai ta miƙo mini. In aka tambaye ta ina karatun ya tafi, sai ta ce ai ba ta daɗe ba, taga ce ta kore ta. Wai ran nan malami ya juya baya yana rubutu, ta jiyo kalangun biki a cikin gari, ta zura kai tsakanin ƙarafan taga za ta sulale. Kai ya shiga, ya ƙi fitowa. Aka ja, aka yi addu'a, aka sake ja, sai da aka kira maƙeri ya datse ƙarfe ɗaya. Daga ranar mahaifinta ya ce bokon ya isa haka. In ta kawo nan sai ta ɗage ɗankwali ta nuna wani tabo a bayan kunnenta na hagu.

Baba yakan ce, "Inna, wannan tabon ba shi ne kika ce ƙahon akuya ne ba?"

"Na akuya yana dama," in ji ta.

A bana yanar ido ta fara rufe mata gani. Tana gane mu da murya da tafiya, amma fuska sai an matso sosai. Sai ta tsiro da roƙon Baba ya kai ta ta ga makarantarsu kafin idon ya gama tafiya. Baba ya ce, "Inna, wurin nan fa kufai ne, ba komai sai sabara. Na tambaya, an ce ba a taɓa yin makaranta a can ba. In ɗauke ki a wannan rairayin ki wahala a banza?" Na zaci za ta yi masa ca kamar yadda ta saba. Sai kawai ta ci gaba da jan carbinta. Ban taɓa ganin an ci Kaka a gardama ba sai ranar, kuma bai yi mini daɗi ba.

Da aka yi dogon hutu, Baba ya yanke hukuncin cewa waya ta kusa cinye mini ƙwaƙwalwa, don haka ƙauye za ni wurin Baffa in koyi riƙe fartanya. Baffa ɗan ƙanen Kaka ne, ƙauyensu kuma shi ne mafi kusa da kufan. Ina haɗa kaya Kaka ta kira ni da sunan da take tsokanata da shi.

"Maigida, zo nan. Cefane dai ya gagare ka, ko aike za ka iya?"

"In dai za ki daina kai ƙarata wurin Baba."

"In ka je, ka duba mini makarantarmu. Ɗaki ɗaya ne dogo, da bishiya a ƙofa. Ka duba tagogin." Ta kama hannuna ta matse. "Kada ka ƙara komai a kai. Abin da ka gani kawai."

Kaka ce fa take ce wa mutum kada ya ƙara komai.

Na isa ƙauye gero ya fi ni tsawo, ko'ina kore shar. Tun ban gama shan furar sannu da zuwa ba na tambayi Baffa tsohuwar makaranta. Ya ce makaranta ɗaya ya sani, firamaren bakin hanya, kuma a kan idonsa aka gina ta. Na ce to a kufai fa? Ya ce, "Ba komai a kufai sai kangon Lakwal. Kada in ji an ce ƙafarka ta taka can." Na fara tunanin ƙaryar da zan shirya wa Kaka mai daɗin ji.

Amma kalmar nan ta kangon Lakwal ta tsaya mini a rai. Washegari muna cirar ciyawa a gonar gyaɗa na tambayi ɗan Baffa, wanda sa'ana ne, siriri kamar karan dawa, ga tsoro kamar farar kura. Ya waiga gabas da yamma, ya ce in daina kiran sunan da ƙarfi, su Mai Ƙarfe suke ce masa. Aljani ne. Da sassafe yakan buga ƙarfe, sannan ya shiga kiran yara ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan ubansa. Duk wanda ya amsa ya shiga hannu. Yana duba farcen yara, in ya ga datti ya ƙwanƙwashe su. Kuma yana da bara, wani mushe mai tafiya da ƙafa biyu, riƙe da tsumagiya.

"Mushen me?" na tambaya.

"Wasu sun ce na jaki."

"Kai ka taɓa ganinsa?"

"Wanda ya gan shi ai ba ya dawowa ya ba da labari. Amma ƙarfen na sha ji da kunnena."

Wallahi ji na yi kamar an ba ni kyautar babur. Aljani mai duba farce, da mushen jaki mai bulala, duk a bayan gonarmu, ni kuma ina nan ina fama da ciyawa. Na shiga lallashin ɗan Baffa. Na yi masa alkawarin zai riƙe wayata yini guda, na ce masa da rana tsaka aljanu barci suke yi, na karanta a littafi. Ban karanta ba, amma ya kamata a ce an rubuta.

Muna cikin ƙulla zancen sai ga mai kawo mana abinci gona ta tsaya a kanmu. 'Yar ƙanwar matar Baffa ce, ta zo hutu daga Damagaram. Ba ta kai mu shekaru ba, ba ta kai kafaɗata ba, amma bakinta ya fi na gidan rediyo. Ta ce ta ji muna cewa za mu wurin Mai Ƙarfe, ko mu tafi da ita ko ta gaya wa Baffa. Haka muka zama mu uku.

Ranar Juma'a da hantsi, da Baffa ya tafi Ɗanzomo masallaci da wuri don ya biya kasuwa, muka ce za mu yankan ciyawar tumaki. Muka ratsa gero, muka ratsa gonar riɗi, muka faɗa wani fili da ba a nomawa. Ƙarangiya ta kama wandona har ya yi nauyin bargo. Ɗan Baffa yana gaba yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga banɗaki. 'Yar Damagaram tana baya da butar ruwa, tana cin ɗanyar gyaɗa kamar mai zuwa gidan suna.

Kufan ba ya kama da gari ko kaɗan. 'Yan tuddai ne kawai inda gidajen ƙasa suka narke, da fasassun tukwane, da bakin tsohuwar rijiya da aka cushe da ƙaya. Can tsakiya sai ga shi tsaye shi kaɗai: ɗaki ɗaya dogo, na jan bulo, rufin ya tafi sai 'yan katakai da guntun kwano ɗaya da ke lilo. A ƙofarsa wata ƙatuwar tsamiya.

Ɗaki ɗaya dogo, da bishiya a ƙofa. Maganar Kaka ta fara faɗo mini a rai, amma kafin in kama ta sai muka ji ƙarfe ya yi ƙara, ƙwal, a saman kanmu.

Ɗan Baffa ya yi tsalle. Ba ƙari, sai da na ga tafin ƙafarsa duka biyu a sama. Ni ma na ɗan matsa, don in ba shi wurin sauka. Da muka ɗaga kai sai ga wani tsohon ƙarfen tayar mota rataye da sarƙa a jikin tsamiyar. Ya daɗe har bishiyar ta haɗiye rabin sarƙar. Iska ce ke kaɗo wani busasshen reshe yana dukansa.

Ɗan Baffa bai gamsu ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce, "Salamu alaikum, Lakwal. Mu baƙi ne, ciyawa muka zo nema, farcenmu kuma a yanke yake."

'Yar Damagaram ta leƙa ciki ta taɓe baki. "Yo wannan ce lakwal ɗin? Tamu ta fi ta kyau nesa."

Muka juyo muka dube ta.

"Taku?" in ji ɗan Baffa.

"Ta unguwarmu. Kullum can nake wuni in ba hutu ba."

Ɗan Baffa ya fara ja da baya a durƙushe. "Har da mushen?"

"To wa zai koya mana in ba mushe ba? Mushenmu mutumin kirki ne. Har gidanmu yake zuwa, Babana ya sa a kawo masa tuwo."

Ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Ɗan Baffa ya keta geron mutane, karan na buɗewa gabansa kamar ana tsaga kitso. Sai da na bi shi na riƙo rigarsa, yana cewa in sake shi, ashe da aljana muke cin abinci kwano ɗaya tun zuwanta. Ita kuwa tana zaune a gindin tsamiya tana dariya har da buga ƙafa. Da numfashinta ya dawo ta ce, "Ku 'yan Najeriya Allah ya shirye ku. Lakwal makaranta ce. Mushe kuma malami. Me kuke ce musu ku?"

Na tsaya da rigar ɗan Baffa a hannuna. Buga ƙarfe da safe. Kiran yara da sunan ubansu. Duba farce. Tsumagiya. Duk abin da ake yi mana a makaranta ranar Litinin ne, mu da kanmu, amma aka ba mu labarinsa da wani suna muka kasa gane shi. Tsakaninmu da Nijar tafiyar babur ce, kullum muna cin taliyarsu muna jin waƙoƙinsu, sai kalma ɗaya ta zo ta zauna a bayan gari ta zama aljani.

Na saki rigar na faɗa ɗakin da gudu.

Tafasa ta tsiro a ciki har gwiwa, ƙasa duk kashin awaki. Wata mujiya ta tashi daga kan katako ta wuce ta saman kaina tana hararata kamar na zo karɓar haya. A bangon gaba akwai wani faffaɗan wuri mai kusurwa huɗu da aka shafe da siminti, baƙinsa ya koɗe ya koma ruwan toka. Na ce allo ne. Ɗan Baffa, wanda ya shigo yana riƙe da bayan rigata, ya ce wataƙila hayaƙin wutar makiyaya ne. Na ce hayaƙin garinku ne ke tashi da kusurwa huɗu? A gaban allon ƙasa ta ɗan yi tudu, daidai inda mutum zai tsaya ya ga wanda ke gyangyaɗi a baya. Na hau na ɗauki kara na ce su yi shiru, mushe ya shigo. 'Yar Damagaram ta ce mushen jaki dai.

Sai na tuna da tagogin.

Suna jere a bango ɗaya, ƙasa-ƙasa, kowacce da ƙarafa a tsaye, sun yi tsatsa amma suna nan daram. Na bi su ina shafawa. Ta farko lafiya lau. Ta biyu lafiya lau. Ta can ƙarshe, wadda ta fi nisa da allo, inda duk mai hankali zai zauna in yana son guduwa, ƙarfenta ɗaya babu. Guntunsa na sama yana nan, na ƙasa yana nan, kuma ba karyewa ya yi ba. Bakinsa a datse yake, har da sawun kurfi inda maƙeri ya sara ya kuskure ya sake sara.

Na yi ihu har mujiyar ta sake dawowa ta duba. Na rungume ɗan Baffa, na rungume bango, na so in rungume 'yar Damagaram ta nuna mini buta. Na ba su labarin Kaka a tsaitsaye, ina haɗa farko da ƙarshe. Na miƙa wa ɗan Baffa wayata na ce ya ɗauki bidiyon tagar nan ta kowane ɓangare.

Da a nan na tsaya da komai ya tafi daidai. Amma ɗan Baffa ya ce shi bai yarda kan mutum zai shiga tsakanin ƙarafan nan ba, sun yi matsi da yawa. Ni kuma na san Baba, irin tambayar da zai yi ke nan. Aikin Kaka ba a yin sa rabi. Na je tagar kusa, mai cikakkun ƙarafa, na karkata kai, na tura. Ya shiga sumul, kamar dama wurinsa ne. Na ce, "Ka gani?" Na ja baya.

Kunnuwana suka ce ba da su ba.

Na ja, na murɗa, na karkata yadda na shiga, na karkata yadda ban shiga ba. Jikina yana cikin aji, kaina yana waje yana kallon gonar riɗi. Wani jan gwada ya zo ya tsaya a kan bulo dab da hancina yana gyaɗa kai, kamar yana cewa ya taɓa ganin irin wannan a danginmu. Na ce ɗan Baffa ya zo ya taimake ni. Ya zagayo ta waje, ya saita waya a fuskata, ya ce, "Ai kai ka ce in ɗauka ta kowane ɓangare."

"In na fito sai na karya ka."

"In ka fito."

Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. Na hango kaina a nan har lokacin girbi, ana zuwa kallona daga Maigatari da Gagarawa, ana ba ni fura da ludayi, yara suna cewa ga mushen Lakwal ya bayyana. Na fara tunanin ko akwai maƙeri a kusa, da abin da Baffa zai yi mini bayan maƙerin ya gama nasa.

'Yar Damagaram ta ajiye gyaɗarta. Ta shiga cikin ciyawa tana dube-dube, ta dawo da ganyen karkashi cike da hannu, irin wanda ake miya da shi mata kuma su wanke kai. Ta daka shi a kan bulo, ta zuba ruwan buta, ta murza har ya yi yauƙi yana zarara. Ta lafta mini a kunnuwa, a wuya, a ƙeya, ta ƙara da fuska, wanda na tabbata ba ya cikin magani. Sannan ta ce ɗan Baffa ya ajiye waya ya koma ciki ya kama ƙugu, ita kuma ta dafa goshina da tafin hannu biyu.

Na fita kamar ƙwallon mangwaro daga hannun yaro. Muka zube ni da ɗan Baffa cikin tafasa da kashin awaki. Kunnena na hagu yana zafi, na taɓa bayansa na ga jini kaɗan. Muka iso gida ruwa na dukanmu, ba ciyawa ko tsinke, ni kuma ina warin miya.

Baffa ya yi faɗa, sannan ya ga hoton ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce ya san 'yan Nijar na cewa lakwal, amma bai taɓa haɗa ta da kangon ba, shi dai ya taso ya ji suna ne. Ya ce kuma ya taɓa jin wani tsoho na cewa a ɗakin ake awon gyaɗa a da. Na ce gyaɗa ba ta gudu ta taga.

Ran da na koma Gumel ban ko cire takalmi ba na fara ba da labari a tsakar gida. Baba ya saurara har ƙarshe ya ce, "Wato kai ne shaidar Inna. To kai wa zai yi maka shaida?" Na miƙa masa waya. Ya ga kaina a taga, ya ji ina yi wa ɗan Baffa alkawarin karaya, ya yi dariya har da hawaye, ƙannena suka taru a kansa. Can sai ya daina. Ya mayar da hoton baya, ya tsayar, ya buɗa shi da yatsu biyu. A gefen kaina ana ganin ɗaya tagar, da giɓinta, da guntayen ƙarfen nan biyu.

Kaka tana kan tabarma, ba ta ganin komai a wayar. Ta ce, "Maigida, matso." Na durƙusa. Ta lalubo kaina, ta bi bayan kunnen hagu da yatsa har ta taɓa ɓawon ciwon. Ta daɗe a wurin.

"Lakwal ɗin tana nan tsaye ke nan," ta ce.

"Kaka. Kin san sunan, kika bar ni ina yawon tambayar makaranta?"

"Da Hausar 'yan birni na yi maka, don ka gane. Malamin namu daga hayin Damagaram ya zo, rabin garin ma can ne asalinsu. Wa ya ce ka sa kanka?"

"Gwadawa na yi."

"An gaya maka gado ne?"

Baba ya mayar mini da wayata. Asabar da ta zagayo ya tashe ni da sassafe ya ce in wanke mota. Muka tafi da Kaka har inda rairayi ya ƙi mota, daga nan Baffa ya ɗaura shanu a amalanke aka shimfiɗa mata katifa. Tana tafe tana nuna mana tuddai, nan gidan wane, nan gidan wance, ko da yake na san inuwa kawai take gani.

A ƙofar ta sa aka tsaya ta saurari ƙarfen tsamiya har ya buga. Ta ƙi a riƙe ta. Ta bi bango da hannu, ta wuce taga ta farko, ta wuce wadda ta kama ni, ta tsaya a ta ƙarshe. Ta shafa guntun sama, ta shafa na ƙasa.

Baba ya tsaya a bayanta, ya cire hula ya mayar. Ya ce a hankali, "Inna, me aka koya muku a nan?"

Ta juya ta nufi allon, tafasa na kama zanenta. Ta sa yatsa a kan simintin ta zana ɗan da'ira, ta yi masa jela a gefe. "Wannan. Mushe ya ce sunanta a. Ya ce gobe za a yi ƙanwarta, sai taga ta kama ni."

Baba ya daɗe yana kallon wurin, ko da yake yatsa ba ya barin sawu a siminti.

Da za mu fita ta sake dafa tagar, ta juyo wajen 'yar Damagaram da ɗan Baffa da suka biyo mu. "Ku yara ba ku ga komai ba. Ƙarfe uku maƙerin ya yanke ranar. Daga baya ne aka mayar da biyu."

Na buɗe baki. Baba ya taka mini ƙafa.

"Haka ne, Inna," in ji shi. "Ga alamar gyaran nan."